Ki Sauka a Gidan Dije

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake tsare matafiyi a hanya, yake tsare mazauni a gida. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga hannun Hauwa'u 'yar Malam Usumanu, a Yekuwa, zuwa ga 'yata, uwar Habibu, a Magariya. Gaisuwa mai yawa, tare da yarda da addu'ar da ba ta yankewa. Ina gaida maigidanki. Ina gaida yara ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa ta same ku cikin lafiya kamar yadda ta bar ni.

Bayan haka. Labari ya iso mini cewa da an gama cinikin gyaɗa maigidanki zai tafi Kano, kuma zai tafi da ke ki ga birni. Na yi murna da wannan. Kin kai shekara arba'in ba ki taɓa wuce Waca ba, kuma macen da ta raini 'ya'ya shida ta cancanci ta ga abin da wasu ke dawowa suna ba da labari. An kuma gaya mini cewa kun shirya sauka a gidan wani abokin cinikinsa, kun bar gidan ƙanwata Dije da ke Fagge, kuma ke kika zaɓi haka don kada raina ya ɓaci. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ki sauka a gidan Dije. Wani mai koran shanu da ya dawo daga can ya shaida mini cewa mijinta Ilu ya rasu bara, ita kuma jiki ya yi nauyi, ko zaure ba ta kaiwa. Shekara ashirin da biyu ke nan gaisuwa ba ta shiga tsakanina da ita ba. In kika shiga Kano kika kwana a gidan wani, za ta ji, domin mutanenmu na can ba su da yawa, kuma za ta ɗauka ni na hana ki. Ban san ko Allah zai sake ba mu wani matafiyi daga gidan nan tana da rai ba.

Ke 'yar farina ce. Ba na kiran sunanki, ba na zama in ja magana da ke, haka aka raine mu, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani, takarda kuwa ba ta kallon fuskar mutum. Sau ɗaya na je Kano. Duk abin da na sani game da tafiya daga kuskure na koye shi, don haka zan jera miki su yadda suka faru, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

A lokacin kamiyo, wato babbar mota, ba ya zuwa wajenmu. Ayarin masu kanwa na bi, da jakuna da takarkarai, ƙarƙashin wani madugu dattijo da ake kira Barmo. Kafin mu tashi na sa baduku ya ɗinka mini sabon takalmi ja, don kada mutanen birni su dubi ƙafata su ce baƙauya ta zo. Kafin mu kai Babura ya cinye mini dunduniya. Barmo ya lura, ya ce in hau takarkari, na ce masa ƙafata ba ta taɓa roƙon kowa ba. Kwana uku ina ɗingishi ina cewa ƙaya ce. Don haka ki sa tsohon takalminki da ya san ƙafarki, ki ɗaura tsohon zane, sababbin su kwanta a ƙasan adudu har ki isa ki yi wanka. Ku mota za ku shiga. Waɗanda suka saba sun ce a nemi wuri kusa da kan motar, don baya ya fi jijjiga. Ki ɗaure kallabi da kyau, kada ki ci abu mai maiƙo da safen tafiya, ki riƙe goran ruwanki a jikinki, kada ya shiga cikin kaya. In wata mata ta miƙo miki hannu wajen hawa, ki kama.

Sai maganar iyaka. Maigidanki ya san biro, ofishin da ake karɓar takardar izini, ya je tun da sauran kwanaki, kada ya bari sai ranar tashi. Taki ki naɗe ta a ƙyalle ki ɗaura a ƙugu. Ranar da muka isa wurin 'yan duwan, masu binciken kaya a iyaka, ɗaya ya ce in kwance ƙunshina. Abin da ke ciki littattafai ne uku da na gada daga mahaifinmu Malam. Maimakon in kwance in nuna masa, sai na tambaye shi ko yana da alwala, na kuma shiga yi masa bayanin abin da ya halatta a taɓa da wanda bai halatta ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a sauke kayan ayarin duka. Muka zauna cikin rana har azahar. Barmo ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni ya ce, "Malama, karatu ya yi kyau. Sai dai jakuna ba su sha ruwa ba." Abin da na faɗa wa ɗan duwan gaskiya ne, amma mutum talatin ne suka ɗauki zafin ranar saboda ni. In an ce ki buɗe kaya, ki buɗe da hannunki, ki amsa abin da aka tambaye ki, ki tsaya nan.

Da kun ƙetare, abubuwa biyu za su sauya. Dalarmu ba ta ci a can, sule da kwabo ake karɓa, don haka ku bari mutumin gidan da kuka sauka ya kai ku wurin ɗan canjin da ya sani. Na biyu, a ƙasar Ingilishi abin hawa hagu yake bi. An gaya mini wannan na ce ai hanya hanya ce. Ranar da muka shiga gari na ji ƙararrawar keke a bayana, na kauce inda na saba kaucewa a Magariya, shi ma mai keken nan ya kauce. Na tsira daga keken, amma na zauna daɓas a kan faifan wata mai gurasa. Tana tsince gurasarta tana kakkaɓewa ta tambaye ni ko daga ƙasar Faransa nake. Na ce wa ya gaya mata. Ta ce babu wanda ya gaya mata, dukanmu wuri ɗaya muke faɗuwa. In za ki ƙetare titi, ki tsaya bayan wata 'yar gari, ki tafi in ta tafi.

Yanzu zan shiga abin da ya fi nauyi. Kin san Dije ce ta yaye ki, a bayanta kika yi wayo, har shekara biyar ita kike kira Inna. Abin da ba ki sani ba sosai shi ne yadda ta bar Yekuwa. An rubuta Ilu cikin masu aikin tilas na hanya, karo na biyu, bayan na farko ya dawo da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba. Ya ɗauki matarsa suka ƙetara, ya zauna a Fagge yana dillancin kanwa. Bayan tafiyarsu innarmu ta kwanta. Damina biyu ina jinyarta ni kaɗai, ubanki ya riga ya rasu, ina fita gonar Malam da sassafe in dawo in juya ta. Ta rasu Dije ba ta zo ba. Na san dalili. In Ilu ya tako garin nan dole maigari ya miƙa shi ga hukuma, ita kuma tana cikin wankan jego. Ta aiko da sadaka da farin ƙyalle, suka iso bayan an yi arba'in. Duk wannan na sani, amma na riƙe ta a zuciya. Da na ce wa mutane zan je Kano zumunci, abin da ke raina shi ne in nuna mata cewa na ɗauki komai ni kaɗai, kuma ba na bukatar kome daga hannunta.

Gidan da suke ciki na haya ne, iyali huɗu a tsakar gida ɗaya. Da na yi sallama ta fito da gudu, goyo na rawa a bayanta, ta durƙusa ta rungume gwiwoyina tana cewa Yaya, Yaya. Ta kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Na ce ina da nawa, na buɗe gorana na sha a gabanta. Ilu ya yanka zakaru biyu. Ta yi tuwon shinkafa, abin da ko da salla ba mu ci a gida, ta kawo a akushi ta ajiye. Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Da gari ya waye na fita waje na tsinto duwatsu uku, na kafa murhu a gindin katanga, na fito da tukunyata da geron da na ɗauko tun daga Yekuwa, na hura wuta.

Ba sai na fassara miki wannan ba. Ko a garinmu, baƙon da ya kafa murhu a gidan mai masaukinsa ɗayan biyu yake faɗa wa maƙwabta: ko an bar shi da yunwa, ko yana tsoron a sa masa wani abu a abinci. Ni ma na san haka a ranar. Na gaya wa kaina cewa ba na son in ɗora mata nauyi ne, kuma da wannan na riƙa amsa wa duk wadda ta tambaya. Rana da maraice Dije tana kawo akushi, ina cewa na ƙoshi, tana ɗauka a rufe yadda ta kawo, matan gidan uku suna kallo daga bakin turmi.

Tunda na ƙi abincinta, sai na ƙi ruwan randarta ma. Na ɗauki tulu na tafi famfon unguwa. Ban taɓa ganin famfo ba. Na same shi babu kowa, na murɗa, ruwa ya zo, na ji daɗin kaina. Tulu ya cika, na murɗa don ya tsaya, sai ya ƙara ƙarfi. Na toshe bakin da babban yatsa, ruwan ya watsu a fuskata da ƙirjina. Kafin wannan lokacin mutane sun taru, babu wanda na kalla balle in tambaya. Wata tsohuwa ta zo ta sa yatsu biyu ta mayar da shi ɗaya gefen, ta ce mini sannu da wanka. Abin da ba ki taɓa gani ba, ki tsaya ki ga yadda na gabanki ya yi. In babu kowa a gabanki, ki jira wani ya zo.

A kwana na uku na ce zan shiga birni in ga kasuwar Kurmi. Ilu ya ce akwai wata dattijuwa maƙwabciyarsu da ta san gari, za ta raka ni. Na ce wadda ta zo daga Yekuwa da ƙafarta ba za ta ɓata a cikin katanga ba. Na shiga ta Ƙofar Mata da hantsi. Uwar Habibu, lungunan birnin nan ba irin hanyoyinmu ba ne da mutum ke hango kuka ko rijiya ya san inda yake. Katanga ce hagu da dama, kowace kamar 'yar'uwarta, lungu ya kai ki ga lungu, wani ya ƙare a ƙofar gidan mutane. Na yi ta yawo har la'asar ban tambayi kowa ba. Da ƙafa ta gaza na tsayar da wani mai ɗinkin hula na ce ya nuna mini gidan Ilu. Ya tambaye ni wace unguwa, na ce Fagge. Ya tambaye ni wane Ilu, na sana'ar me, kusa da masallacin wa. Ya ce a layinsu kaɗai Ilu huɗu ne, ɗaya ma ba ya biyan kuɗin hula. Da na ambaci kanwa ya sa aka raka ni har ƙofar gari. A can na tarar da Ilu tsaye, ya bar cinikinsa tun azahar yana bin ƙofofi ɗaya ɗaya yana tari. Bai ce mini kome ba sai, "Sannu da dawowa, Yaya." Kafin ki fita daga masauki ki haddace abu uku kamar yadda kike haddace karatu: sunan unguwa, sunan ƙofar da kika shiga, da sana'ar mai gidan. In an ba ki 'yar rakiya, ki karɓa ki gode.

Kada wannan ya sa ki tsoron garin. Gari ne da ya isa a gani, kuma ina so ki gan shi fiye da yadda na gan shi, domin ni rabin hankalina yana kan fushina. Ki hau Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga sama za ki ga ganuwa ta kewaye gari har da gonaki a cikinta, ki ga hayaƙin gidaje yana tashi ko'ina kamar ana ƙona shara a gona. Ki je marina, amma ba da farin zane ba, kuma ki tsaya nesa da bakin rami, ƙasar wurin tana da santsi. Kusa da nan za ki ji masu bugun rinannen zane, sautinsu yana tafiya tare kamar mata shida a turmi ɗaya. A Kurmi ki duba da ido yadda kike so, amma kada ki taya abin da ba ki da niyyar saye, domin in mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, janyewa abin kunya ne. Ki je ki ga jirgin ƙasa, ki tsaya bayan shinge. Zai yi kuka kafin ya tashi. Na gaya wa matan Yekuwa cewa ban razana ba, amma carbina yana can har yau inda ya faɗi. An ce an gina sabon masallaci mai hasumiya biyu, ban gan shi ba, ki dube shi da kyau ki zo ki kwatanta mini. Duk inda za ki, ki koma masauki kafin magariba, kuma ki gaya wa mutanen gida inda kika nufa.

A kwana na shida Dije ta kawo akushi da rana kamar kullum. Wannan karon ba ta ajiye ta juya ba. Ta durƙusa kusa da murhuna, ta rage murya don kada na bakin turmi su ji, ta ce, "Yaya, in ba ki yafe mini ba, na ji, ban isa in tilasta ki ba. Amma ki ɗebi loma ɗaya a gaban matan nan. Ke za ki tafi, ni ce zan zauna da su."

Na ce mata, "Inna ma damina biyu ta yi tana cin tuwon hannu ɗaya."

Na faɗa da ƙarfin da kowa zai ji. Ta ɗauki akushin ta miƙe. Ban ji kukanta ba. Ta koma ta karɓi taɓarya ta ci gaba da daka, sauran matan suka ajiye taɓarensu, sai ƙarar turminta kaɗai. Tun daga ranar na shekara ashirin da biyu ina koyar da matan garin nan, kuma ban taɓa jin ɗaya daga cikinsu, ko mafi ƙarancin karatu, ta faɗi magana mai muni kamar wannan ba.

Da safen kwana na takwas ayarinmu zai juya. Na ɗaure kayana tana bayan ɗaki tana yi wa jaririnta wanka, na fita ban yi mata sallama ba. Duwatsun nan uku na bar su a wurin da tokarsu. Muna zango ana ɗaura wa jakuna kaya sai ga Ilu yana haki, riƙe da baƙin zane na marina, an buge shi yana ƙyalli. Ya ce tun ranar da na sauka Dije ta ba da a rina mini, jiya aka karɓo. Na ce masa kayana sun riga sun ɗauru. Ya tsaya da zanen a hannu biyu har muka tashi. Barmo bai yi mini magana ba sai da muka wuce Ɗambatta, can ma gaisuwa ce kawai. Ki riƙe wannan a duk gidan da kika sauka, a Kano ko a ko'ina: ba a fita sai an yi sallama da mai gida fuska da fuska. Ki bari su raka ki har inda suka ga dama. Abin da suka ba ki na tsaraba ki karɓa da hannu biyu, ko da zai sa ki kwance kaya a tsakiyar tasha.

Bayan shekara bakwai wani mai kanwa ya sauka a garin nan, ya zo gaishe ni saboda ya san Ilu. A cikin hira, ba tare da ya san ni ce sanadi ba, ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Dije fura take yi a cikin gida tana sayarwa, da ita take tufatar da 'ya'yanta. Bayan tafiyata magana ta zaga unguwa cewa yayarta ciki ɗaya, malama mai karatu, ta kwana bakwai a gidan ta ƙi taɓa abincinta, lalle akwai abin da ta sani. Aka daina sayen furar. Aka daina karɓar kwanonta ranar suna da biki. Har sai da suka tashi daga gidan suka koma wani gefen Fagge inda ba a san su ba. Na ji wannan da kunnena, na sallami baƙon, na koma na ci gaba da biya wa mata karatu. Ina da takarda, ina da tawada, masu kanwa suna wucewa kowane rani. Shekara goma sha biyar ban rubuta ba. Ko da aka daina aikin tilas hanya ta buɗe, na ce ita ce ƙarama, ita ya kamata ta fara zuwa.

Za ki tambayi kanki me ya hana ni shiga motar nan tare da ku. Gwiwoyina ba za su ɗauki jijjigar kwana ɗaya ba, wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, ina tsoron in yi sallama ta sake durƙusawa ta rungume ni kamar ban yi kome ba. Na san halinta, za ta iya, ni kuwa ban san inda zan sa fuskata ba.

Ga abin da nake so ki yi. Da kun sauka, maigidanki ya tambayi dillalan kanwa gidan marigayi Ilu na Yekuwa, za su kai ku. Shi in ya ga ya fi masa sauƙi ya kwana wurin abokin cinikinsa, babu laifi, ki nemi izininsa ke ki zauna wurin innarki. In an kawo miki ruwa, ki shanye, kada ki bar ko kurɓi. In an kawo abinci, ki fito da shi tsakar gida inda kowa zai gani, ki ci, ki nemi ƙari. Ko ba ita ta dafa ba, ko surukarta ce ke girki yanzu, tukunyar tata ce. Na ba mai kawo miki takardar nan gero daga gonar Malam, da man shanu, da kuka, da wake. Ki miƙa mata duka a ranar farko, kada ki ware ko tiya ɗaya ta awo da sunan guzuri. Su shiga tukunyarta su fito, ki ci abin da aka zuba miki.

Kada ki jira kwana biyu ko uku kina neman lokacin da ya dace, ni da neman lokacin da ya dace na kai yau. Da kin wanke hannu daga abincin farko, ki matsa kusa da ita, ki durƙusa. Na san ba ke kika yi laifin ba, kuma na san nauyin da nake ɗora miki, Allah ya saka miki. Ki yi mata gaisuwar rasuwar Ilu da sunana, ki ce na shaida mutumin kirki ne, ya neme ni ƙofa ƙofa ban gode masa ba. Sannan ki ce mata Yaya ta ce ta san dalilin da ya hana ta zuwa jinyar Inna, ta sani tun a lokacin. Ki ce Yaya ta ji abin da ya sami furarta, ta ji tun shekara goma sha biyar, ta yi shiru. Ki ce Yaya ta zalunce ta, tana roƙon ta yafe mata don Allah. Da wannan kalmar za ki faɗa, roƙo, kada ki sauya ta da wata mai sauƙi don ki kare mini mutunci.

In ta ƙi, ko ta yi shiru, haƙƙinta ne. Kada ki kawo mini uzuri a gabanta, kada ki ce tsufa ne ko halina ne. Ki cika kwanakinki a gidan, ki ci, ki sha, ki shafa mata mai a ƙafa, ki yi sallama yadda ya kamata. In kuwa kika tarar Allah ya riga ya karɓi abinsa, ki tara 'ya'yanta ki faɗa musu abin da na ce, ba ragi, ki tambaye su ko akwai wanda ya rage daga matan tsohon gidan nan, ki je ki gaya mata cewa abincin Dije bai taɓa samun aibi ba.

In ta yafe, ina da bukata ɗaya. Ta sa a yi mini wani abin da zai jure hanya, dakuwa ko alkaki, ko mene ne ya sauƙaƙa, ta sa hannunta a ciki ko da sau ɗaya ne. Ki kawo mini da kanki Yekuwa. Zan ci a zaure ranar da mata suka taru karatu, in gaya musu daga hannun wa ya fito, da abin da ya sa ya yi shekara ashirin da biyu bai iso ba. Ban saba zaman jiran abin hannun kowa ba, kin sani. Wannan zan zauna in jira shi.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowane zango. Ya tsare yaran da za ku bari a gida. Ya sa ki sami innarki da rai da hankalinta, ya sanyaya zuciyarta a kaina. Ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Daga mahaifiyarki, Hauwa'u, a Yekuwa. Aminci ya tabbata a gare ku.